Kwalbar da Ta Daskare a Firizar Mama

Assalamu alaikum. Sunana Fanna, a Ajilari nake cikin Maiduguri. Karatuna a sakandare ya tsaya, rubutu mai tsawo ba aikina ba ne, kuma na sha fara wannan ina gogewa. Abin da ya sa yau na zauna sai na kai ƙarshe shi ne, jiya wata mata ta zo sayen ƙanƙara da tsumma ɗaure a yatsa. Na tambaye ta me ya same ta. Ta yi dariya ta ce, "Magenmu ce, amma ba komai, an yi mata allura." Maganar da muka yi kenan a gidan nan, kalma ɗaya ba ta canja ba.

Babanmu ya daɗe da rasuwa. Mu uku ne a gida: Mama, wadda 'yan unguwa ke kira Ya Kaltume, da Yaya Modu mai tuƙa keke, sai ni. Lokacin da garin nan ya daɗe babu wuta, Mama ta haɗa adashinta da ɗan abin da ta gada ta sayi firiza mai aiki da sola. Da ita muke ci. Mu ɗura ruwa a leda, mu ƙulle, mu jera, da ya daskare masu sayar da kayan sanyi a kula su zo su kwasa. Wanda ya san zafin Maiduguri ya san gidan da ke da ƙanƙara ba ya rabuwa da sallama.

Muna da mage, sunanta Kajiji, don tun tana ƙarama a buhun kajijin da Mama ke haɗa turare muka tsince ta tana barci. Toka-toka ce, ƙafa ɗaya fara. Ba ta da rigima. Wurin kwanciyarta a gefen firiza ne inda ƙasa ke da sanyi, kuma duk inda Mama ta sa ƙafa tana biye. Yaya Modu yana tsokanar Mama ya ce, "Mama, autarki tana kira," ita kuma ta ce, "Ta fi ka jin magana ai."

Akwai wani dattijo, Malam Bukar, mai yi wa raguna da awaki allura gida-gida. Ba likita ba ne, amma ya daɗe yana yi, mutane sun yarda da shi, kuma mutumin kirki ne, har yau ba zan ce ba haka ba. Wata rana ya shigo da baƙar leda a hannu.

"Ya Kaltume, wushe, sannu da gida. Ki taimaka wa magungunan nan da sanyi. Zafin garin nan zai kashe min jari."

"Kawo, Malam, ai amana ce."

Da yake Mama ba ta wasa da amana, ba ta ajiye ledar a sama inda hannun kowa ke kaiwa ba. Sai da ta kwashe ƙanƙara, ta kai ta can ƙasan firiza, inda sanyi ya fi ƙarfi, ta mayar da ƙanƙarar a kai. A ganinmu mun girmama kayan mutum. Shi ma da ya gani godiya ya yi ta yi. Daga nan ya zama al'ada, in zai fita aiki ya biyo ya ɗauki abin da zai ɗauka, da yamma ya dawo da saura.

Shi ya fara kawo maganar Kajiji. Ya gan ta kwance ya ce, "Wannan an yi mata allurar haukan kare kuwa?"

Mama ta yi dariya. "Malam, mage ce fa, ba kare ba."

"Tana kamuwa, Ya Kaltume. Kuma in ta kamu tana sa wa mutum. Bari in yi mata, ladar firiza ce."

Ni na riƙe ta. Ina gani ya ciro wata 'yar kwalba, ta daskare ƙam kamar dutse. Ya sa ta tsakanin tafukansa yana murzawa yana hura mata iska, yana ba Mama labarin tsadar dusa, har ta narke. Na ga wasu 'yan abubuwa fari-fari suna yawo a ciki kamar tsakin nono. Ya girgiza, ya ja a sirinji, ya tsira mata a bayan wuya. Washegari wurin ya ɗan kumbura, ta yini ba ta ci abinci ba. Da muka faɗa masa ya ce alamar allura ta shiga jiki kenan. Muka ji daɗi. Mama har alfahari take yi, duk wanda ya ce a yi hankali da mage sai ta ce, "Tamu mai allura ce."

Watanni suka wuce. Farkon zafi Kajiji ta ɓace kwana biyu, ta dawo da kunne a yage da rauni a cinya. Akwai karnuka marasa gida da ke yawo wajen bola, muka ce ko su ne, ko muzuru. Mama ta shafa mata man kaɗanya, ya warke. Bayan wasu makonni sai ta canja. Ta daina kwanciya a gefen firiza, ta koma ƙarƙashin gado cikin duhu. Kukanta ya zama wani iri, mai kauri, kamar ba nata ba. Yawu yana zuba a haɓarta. In ka ajiye mata abinci sai ta tsaya tana kallonsa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, ina wanki a tsakar gida. Mama ta durƙusa ta miƙa hannu ƙarƙashin gado tana kiranta, "Zo, autata, zo mu gani." Sai na ji ta ce, "Innalillahi." Na shiga da kumfa a hannu, na tarar Kajiji ta kafa haƙora a gindin babban yatsan Mama ta ƙi saki. Na ja ta, ta juyo ta yage ni a wuyan hannu, ta fita da gudu. Nawa ɗan karce ne, jini kaɗan. Na koma na ci gaba da wankina, yana min zafi cikin ruwan sabulu ina tsaki. Na Mama ya yi zurfi. Ta danna masa gishiri, ta ɗaure da tsumma, ta koma ƙulla leda, don masu kula suna jira a ƙofa.

Da Yaya Modu ya dawo ya ce, "Mama, mu je a duba hannun nan."

"A duba me? An yi mata allura. A gabana aka yi, Fanna ce ta riƙe ta."

Ya kalle ni, na ce eh, haka ne. Ya ce to shi kenan. Kajiji kuwa bayan 'yan kwanaki muka same ta a mace a bayan randa. Yaya Modu ya sa ta a buhu ya kai bola. Mama ta yi hawaye kaɗan, ta ce ko guba wani ya sa mata.

Satin farko hannun ya kumbura, muka sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis. Mai kemis ɗin ya tambaya, muka ba shi amsar nan tamu, ya gyaɗa kai. Sati na biyu ciwon ya rufe. Na uku sai tabo. Muka manta. Wannan lokacin ne ya fi damuna yanzu in na tuna, lokacin da komai yake lafiya lau. Muna ciniki, muna dariya, Mama ta je biki a Mairi ta dawo tana kwaikwayon rawar uwar ango. Ashe abin yana tafiya cikin jikinta a hankali, kuma duk tsawon kwanakin nan ƙofar asibiti a buɗe take, allurar da za ta tare shi tana garin nan.

Fiye da wata ɗaya bayan cizon, ta fara sosa wurin. Ta ce kamar tururuwa ke tafiya daga yatsan zuwa gwiwar hannu. Sai zazzaɓi da ciwon kai. Muka je ƙaramin asibitin kusa da mu, muka yanki kati, muka zauna a benci tun safe har azahar ta wuce. Da aka kira mu ko minti biyar ba mu yi a ciki ba. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne da taifot, aka rubuta magani. Ba wanda ya tambaye ta ko wani abu ya taɓa cizonta, mu ma ba mu faɗa ba, don ba mu ga alaƙa ba. Ina da ƙorafi a kan wannan, amma na ga yawan mutanen da ke layin, na ga ma'aikaci ɗaya ne a ɗakin. Ban san wa zan ɗora wa ba.

Ta shanye magani ba sauƙi. Barci ya ƙaurace mata. Mama da ba ta faɗa, ta fara yi mana tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta ce mu yafe mata, ita ma ba ta san me ke damunta ba. Ta ce a kashe fanka, iskar tana shaƙe ta. A wannan zafin.

Satin da ya biyo baya, wata rana bayan la'asar, ta ce, "Fanna, ba ni ruwa." Na ɗebo mai sanyi a kofin silba na kawo. Ta miƙo hannu, tana kai shi kusa da baki sai wuyanta ya ƙame, idanunta suka fito, ta yi wani irin ja da numfashi kamar wadda ake nutsarwa, ta yi jifa da kofin. Ta koma lungu tana haki. Da ta lafa ta kalle ni ta ce, "Ƙishirwa nake ji, 'yar nan. Wallahi ƙishirwa nake ji. Amma kar ki ƙara kawo shi kusa da ni."

Na kira Yakura, yayar Mama, daga Gamboru. Tana zuwa ta ga yadda Mama ke firgita da ƙarar ruwan da ake zubawa a buta, ta ce, "Wannan ba na asibiti ba ne. Magen nan da ma ban yarda da ita ba, mage mai kallon mutum cikin ido. Ba ita kaɗai ba ce a jikinta." Aka kawo malami ya yi ruƙiyya. Aka yi hayaƙi har gidan ya turnuƙe. Aka kawo rubutu a kwano, amma rubutu ruwa ne, da ta hango shi sai abin ya tashi. Yakura ta ce kun gani, aljanin da ke jikinta ba ya son ayar Allah. Maƙwabta suka cika tsakar gida, wannan ta ce sammu ne na masu baƙin cikin ciniki, waccan ta ce a kai ta wajen wani mai magani a bayan gari. Ban ga laifinsu ba, kowa da ƙauna ya zo, wasu da kwanon abinci. Amma kwana biyu muka ƙara a haka.

Yaya Modu ne ya yanke. Ya shigo ya ga Mama tana tofar da yawu a tsumma ba ƙaƙƙautawa, ya ce, "Yakura, ki yi haƙuri, addu'a za mu ci gaba da ita a can." Ya ɗauke ta kamar jaririya ya sa a keke. Na zauna a baya na rufe ta da zane saboda iskar hanya, duk da haka tana ta zabura.

A babban asibiti ma layi muka tarar, amma da wata nas ta ga yadda take yi sai ta ja mu gaba. Likitan matashi ne, mai magana a hankali. Ya saurare mu, ya ɗauki wata takarda ya ɗan kaɗa ta kusa da fuskar Mama. Nan take wuyanta ya ƙame. Ya ajiye takardar. Ya ce, "Kare ya taɓa cizonta?"

Muka ce a'a.

"Mage fa? Ko wata dabba?"

Yaya Modu ya ce, "Mage ta cije ta, amma an daɗe, kuma an yi wa magen allura."

"Ina magen?"

"Ta mutu."

Sai ya fita da mu baranda. Ya faɗi sunan ciwon da Turanci, rebis, ya ce shi ne ciwon haukan kare. Maganarsa tana nan a kunnena yadda ya faɗe ta: "Kafin ya fito fili, allura tana tare shi. In ya fito, sai dai mu sauƙaƙa mata. Ba zan yi muku ƙarya ba." Yaya Modu ya ce a faɗa masa ko nawa ne, zai sayar da keken. Likitan ya dafa kafaɗarsa ya ce ba maganar kuɗi ba ce.

Aka ba ta ɗaki ita kaɗai, aka rufe taga, aka rage haske. Aka sa mata ƙarin ruwa, nas ta lulluɓe ledar da zane don kar ta gani. Aka ba mu safar hannu, aka ce mu kiyayi yawunta. Uwata, da ta tauna abinci ta sa min a baki ina jaririya, ni ce nake goge mata baki da safar roba.

Abin da mutane ba su sani ba game da ciwon nan, kuma shi ya fi ci min rai, hankali ba ya tafiya gaba ɗaya. In abin ya lafa, Mama ce sak. Ta san kowa, ta san inda take. Washegari da safe likitan ya shigo zagaye, tana kwance shiru, muka ɗauka allurar barci ce ke aiki. Sai ta buɗe ido ta ce, "Likita."

"Na'am, Mama."

"Magen nan ce, ko?"

Ya ce eh.

Ta juyo da kai tana nemana. "To ku duba hannun yarinyata. Ita ma ta yage ta ranar. Fanna, nuna masa. Hannun hagu."

Wallahi na manta. Ko da aka yi ta maganar cizo ranar da muka zo, ban tuna da kaina ba, Yaya Modu kuma bai ma san an yage ni ba. Na ja hannun hijabi, ga ɗan farin layi nan a wuyan hannu. Likitan ya riƙe ya duba, ya tambaye ni ko jini ya fita, na ce kaɗan. Ya ce me na sa, na ce ban sa komai ba, wanki nake yi na ci gaba. Ya ce mai yiwuwa sabulun nan ya taimake ni, amma ba za a dogara da shi ba, yau ɗin nan zan fara allura.

Mama ta ce, "Yau. Ba gobe ba. Modu, ka ji?"

"Na ji, Mama."

"Ka cika cewa ka ji."

Allurar babu ita a asibitin ranar. Aka rubuta mana, muka fita nema. Mun shiga kantin magani ya fi a ƙirga, wannan ya ce ta ƙare, wancan ya ce a dawo jibi. A Gamboru muka samu, wajen wata Madam 'yar kudu da ta daɗe a garin nan. Tsadarta sai da Yakura ta cire 'yan kunnenta ta bayar aka kai kasuwa, ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Wannan ba zan manta mata ba.

Da yake gidanmu na ƙanƙara ne, mun biya na ɗauko fulas cike da ita. Madam ta ciro kwalbar daga firij, na buɗe fulas zan tura ta tsakiya. Ta riƙe min hannu.

"A'a, 'yata. Kar ya taɓa ƙanƙara." Ta naɗe kwalbar da kwali da auduga, ta ɗora a sama. "Sanyi yake so, ba daskarewa ba. In ya daskare ya mutu. Ko ya narke, ruwa ne kawai za a tsira miki."

Na ce, "In ya daskare me?"

"Ya lalace. Irin wannan ba a sa shi a firiza sam. Ke lafiya? Zauna, zauna."

Ban san lokacin da na zauna a kan katan ba. Ba abin da nake gani sai tafukan Malam Bukar suna murza 'yar kwalbar nan, da fari-farin da ke yawo a ciki, da Mama tana kwashe ƙanƙara don ta kai amanar mutum can ƙasa.

Bayan an yi min allurar na faɗa wa likitan komai. Ya ce ba zai iya rantsewa cewa daskarewar ce kaɗai ba, don akwai maganin da tun daga inda aka sayo shi ba shi da kyau, kuma allurar dabba ana sabunta ta, ba sau ɗaya ake yi a manta ba. Amma ya ce kwalbar da ta daskare ba a amfani da ita, kuma kumburin da muka gani ba shaidar komai ba ne. Ya ce, "Ko an yi wa dabba allura a gabanki, in ta cije ki, ki daɗe kina wankewa da sabulu da ruwa mai gudu, ki zo asibiti ranar. Mu ne za mu ce ba komai, ba ke ba."

Ban faɗa wa Mama maganar firiza ba. Har ta koma ga Allah ba ta sani ba, kuma ina gode wa Allah da hakan.

Kwanakin da suka rage ba zan iya rubuta su duka ba. Leɓɓanta suka tsage. Harshenta ya bushe. Wani lokaci sai an riƙe ta, wani lokaci tana karanta abin da ta haddace a hankali. Akwai nas ɗin nan da ta ja mu gaba a layi, babbar mace mai tsagar fuska, ban ma riƙe sunanta ba, Allah ya saka mata. Ita ta ce min in gwada ɗan ƙaramin gutsuren ƙanƙara, in ɓoye shi a tsumma kar ta gani, in sa mata a gefen baki, wani lokaci suna iya karɓa. Yaya Modu ya je gida ya ɗebo. Na farko ta zabura. Na bari ta huta, na ce ta rufe ido, na sake. Ta riƙe shi a kumatu, ina kallon maƙogwaronta yana rawa, amma bai ƙame ba. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta.

Ta ce, "Tamu ce?"

Na ce, "Tamu ce, Mama."

"Na ji. Ta wasu warin leda take yi." Ta ɗan yi murmushi. "Ni da na shayar da unguwa guda. Kin goge farantan sola kuwa? Ƙura tana rage musu ƙarfi."

Na ce zan goge.

"An yi miki ta biyun?"

"Sai jibi."

"Kar ki fasa. Ko ina nan ko ba na nan."

Ba ta nan. Ta daina magana washegari, ta rasu ana kiran azahar a ranar da zan karɓi ta biyun. Na ce ba inda za ni. Yakura, wadda ta ce ba ciwon asibiti ba ne, ita ta kama hannuna ta ja ni har ɗakin allura, tana kuka tana cewa, "Uwarki ta bar wasiyya, ba za ki sa ta juya a kabari ba." Na karɓe su duka har ta ƙarshe, ba wadda na tsallake.

Malam Bukar ya zo gaisuwa tare da maza, ya yi ta addu'a. An faɗa masa ciwon, amma a zatonsa ƙaddara ce ta fi ƙarfin allura. Bayan sadakar bakwai ya yi sallama da safe, da sabuwar baƙar leda a hannu, ya ce in ba damuwa zai ci gaba da ajiya. Yaya Modu ya miƙe, na ga jijiyar wuyansa, na shiga tsakani. Na buɗe firiza, na kwashe ƙanƙara, na ciro tsohuwar ledarsa, kwalaben suna ƙara kamar tsakuwa. Na faɗa masa abin da Madam ta ce da abin da likita ya ce.

Ya daɗe yana kallon ledar. Sai ya zauna a ƙasa, a wurin da Kajiji ke kwanciya, ya cire hula. Ya ce, "Ni na ce ta sa inda ya fi sanyi." Na ce a'a, ita ta sa, kai ka yi godiya, mu muka kalla. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Na yi wa karnukan masu gadi. Na yi wa magunan masu shagon hatsi a Gamboru. Gidajen Mairi ma na shiga. Duk na ce musu sun huta."

Yaya Modu ya kai shi wajen likitocin dabbobi a keke, suka karɓi kwalaben. Na ji an ce yana bin gidajen da ya tuna yana faɗa musu a sake. Waɗanda ya tuna. Shi ya sa jiya da matar nan ta ce an yi wa magensu allura, ban tsaya tambayarta wa ya yi ba. Na rufe firiza, na zaunar da ita a bakin famfo da sabulu, na kira Yaya Modu ya zo da keke. Ta yi ta cewa, "Ke 'yar Ya Kaltume, ɗan wannan ciwon?" Na ce eh, ɗan wannan.

Ban ce kar ku yi wa dabbobinku allura ba. Ku yi, ita ce kariyar, amma ku kai wa likitan dabbobi, ku tambayi inda aka ajiye kwalbar, ku sabunta in lokaci ya yi. In kun ga ana narkar da ita a tafin hannu, ku ɗauke dabbarku. In kuma ta yi cizo ko yagi, kar kowa ya faɗi maganar da muka faɗa. Wanda ya karanta ya sa Mama a addu'a, Kaltume sunanta, Allah ya shayar da ita daga tafkin da ba a ƙara ƙishirwa bayansa.

Likita ya ce na gama, in kwantar da hankalina. Na yarda da shi. Amma har yanzu in tabon nan ya yi ƙaiƙayi sai in bar abin da nake yi. Kuma kowace safiya, kafin in goge farantan sola, kafin in buɗe wa masu kula ƙofa, sai na ɗebi ruwa a kofin silbar nan da ta jefar, gefensa a lotse. In tsaya a tsakar gida in riƙe shi, in kalle shi sosai, in kai baki a hankali ina sauraron wuyana. In ruwan ya wuce, sai in ce alhamdulillahi, Mama, yau ma ya wuce.